Azteca: Na Je Ganin Sawun Pele Da Maradona, Na Dawo Da Labarin Wasu 'Yan Mata

Ɗalibai, bari in fara da tambaya irin ta gasar kacici-kacici. Wane ne ya fi kowa zura ƙwallo a raga a tarihin gasar cin kofin duniya? Na san da yawanku har kun ɗaga hannu: Miroslav Klose na Jamus, ƙwallo 16. Amsar da ke rubuce a takardata ke nan ranar da na yi alƙalancin wata gasa tsakanin azuzuwa. Wata yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare ta miƙe ta ce, "Malam, Marta ce, ƙwallo 17." Na duba takarda, na girgiza kai, na miƙa tambayar ga ɗaya ɓangaren. Ajinsu ya faɗi da maki biyu. Yarinyar ba ta yi gardama ba, ta koma ta zauna.

Ban sake tuna maganar ba sai da wani taron ƙara wa juna sani ya kai ni birnin Meziko. Da muka samu yini guda na hutu, abokan tafiya suka nufi kasuwa, ni kuwa na nufi filin wasa na Azteca. Wannan ziyara ta faru ne kafin a rufe filin domin gyaran gasar 2026.

Hanyar zuwa

Abin da zai fara gaishe ka a birnin Meziko shi ne ƙirjinka. Birnin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 2,240 daga saman teku. Jos da muke ganin tana bisa, wajen mita 1,200 ce, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. A irin wannan tsawo iskar da mutum yake shaƙa ba ta ƙosar da huhu kamar yadda aka saba. Matakalar bene biyu na hau a masauki, na tsaya ina haki kamar wanda ya yi tsere. Ku riƙe wannan a zuciya, domin a cikin wannan iska aka buga duk wasannin da zan ba ku labari.

Asalin wurin tafki ne. A kan wani tsibiri da ke tsakiyarsa mutanen Aztek suka kafa birninsu mai suna Tenochtitlan a 1325, har Turawan Sifen suka ci shi da yaƙi a 1521 suka gina nasu a kansa. Daga sunan waɗancan mutane filin wasan ya samo nasa.

Daga tsakiyar gari na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na biyu mai launin shuɗi, har zuwa ƙarshensa a tashar Tasqueña. Kowace tasha tana da zanenta baya ga sunanta, yadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane inda zai sauka. Zanen Tasqueña jinjirin wata ne, don haka ban sha wahalar gane ta ba. Daga nan na canza zuwa wani ƙaramin jirgi da ke bi ta kan titi zuwa unguwar Xochimilco, na sauka a tashar da ke ɗauke da sunan filin.

A bakin tashar na yi turus. Wata mata ce zaune gaban garwashi tana gasa masara, kusa da ita kuma ga babbar kwalba cike da wani jan abin sha. Na saya na kurɓa, ashe zoɓo ne, zoɓonmu sak, sai dai su "hamaika" suke ce masa. Masarar kuwa barkono da lemon tsami suke shafa mata. Kada ku yi mamaki: a ƙasar nan aka fara noman masara shekaru dubbai da suka wuce, daga baya ta ƙetara teku ta zo gonakinmu. Shawara ɗaya ga wanda Allah Ya kai shi can, ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin naman alade da kitsensa suna shiga abincinsu da yawa. Ni dai masara da zoɓo suka riƙe ni yinin nan.

Ƙaton Santa Ursula

Mutanen gari suna yi wa filin laƙabi da Ƙaton Santa Ursula, sunan unguwar da yake ciki. Daga nesa kamar katafaren kwando yake, da ginshiƙan siminti masu karkata sun kewaye shi. A farfajiyarsa akwai wani dogon ƙarfe mai ƙafa uku, baƙi, ɗauke da jan faifai. Sunansa Jar Rana, aikin wani maƙeri ɗan Amurka mai suna Alexander Calder, an kafa shi lokacin wasannin Olamfik na 1968.

Ƙasar wurin baƙin dutse ce. Wani dutse mai aman wuta da ake kira Xitle ya malalo da narkakken dutse ya rufe yankin tun zamanin da, sai da aka fasa shi da nakiya kafin a samu wurin aza harsashi. Pedro Ramírez Vázquez da Rafael Mijares ne suka tsara ginin, aka buɗe shi ranar 29 ga Mayun 1966. Lokacin da na je yana ɗaukar mutum kusan 87,000. Babban filin wasanmu na Abuja wajen 60,000 yake ɗauka. A shekarun baya kuwa, kafin a rage kujeru, Azteca ya sha ɗaukar fiye da 100,000.

Mu kusan goma sha biyar muka taru muka bi mai zagayawa da baƙi, wani matashi mai yawan raha da ke juya magana tsakanin Sifaniyanci da Turanci. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ƙasar kowa. Da na ce Najeriya, sai ya dafe kai ya ambaci shekarar 2013. Na gane abin da yake nufi. A 2011 yaran Meziko 'yan ƙasa da shekara 17 sun ci kofin duniya a wannan fili, suka doke Uruguay 2-0 a gaban mutum 98,943, taron da ya fi kowane girma a tarihin gasar. Bayan shekara biyu suka je kare kambunsu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka haɗu da yaran Manu Garba. Najeriya ta ba su 6-1 a wasan rukuni, ta ƙara musu 3-0 a wasan ƙarshe, kuma kyaftin Musa Muhammed ɗan Kano ne ya ci ta ukun da bugun tazara. Na tuna masa cewa kofin nan sau biyar muka ɗauke shi, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kamo mu. Ya yi dariya ya ce to mu shiga ciki, ya nuna mini inda manya suka yi nasu.

Shekarar 1970

Ta wata doguwar hanya mai gangara muka bi, domin filin da ake buga wasan yana ƙasa da titi. Da muka fito, sai ga ciyawa shar a gabanmu, kujeru kuma sun tashi sama ta ko'ina kamar za su rufto. Babu kowa a ciki sai mu da masu ba ciyawa ruwa, amma duk wanda ya yi magana sai ya rage murya.

Mai zagayawa da mu ya fara lissafi. A nan aka buɗe gasar 1970 ranar 31 ga Mayu, tsakanin Meziko da Tarayyar Sobiyet, aka tashi babu ci. Wasan bai yi armashi ba, amma a cikinsa aka fara abubuwa biyu da yau kuke ganin kamar tare aka halicce su da ƙwallo: ɗaga katin gargaɗi, da canza ɗan wasa a gasar cin kofin duniya. Kafin wannan shekara, in ɗan wasa ya ji rauni, ko dai ya daure ko ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum goma. An tanadi jan kati ma, amma har aka gama gasar ba a ɗaga wa kowa shi ba.

A jikin bangon filin akwai allon ƙarfe na tunawa da wasan kusa da na ƙarshe da aka buga ranar 17 ga Yunin 1970, wanda suke kira Wasan Ƙarni. Italiya ta ci Jamus ta Yamma tun minti na takwas, ta riƙe har lokaci ya cika, sai Karl-Heinz Schnellinger ya farke ana dab da hura usur. Aka shiga ƙarin lokaci, a cikin minti talatin ɗin nan aka zura ƙwallo biyar, abin da ba a taɓa yi ba a wasa guda na gasar. Italiya ta yi nasara 4-3. Franz Beckenbauer ya goce a kafaɗa bayan Jamus ta gama canjin mutum biyun da aka yarda da shi, sai aka ɗaure masa hannu a ƙirji ya ci gaba da gudu. Na tuna hakin da na yi a matakalar masauki, na kalli faɗin filin, na yi shiru.

Bayan kwana huɗu aka buga wasan ƙarshe, da tsakar rana tsaka, domin masu kallon talabijin a Turai su same shi da yamma. Mutum 107,412 suka shaida Birazil ta doke Italiya 4-1. Pele ne ya fara ci da ka a minti na 18, kuma ita ce ƙwallo ta 100 da Birazil ta ci a tarihin gasar. Ranar ya zama ɗan wasa ɗaya tilo da ya ɗauki kofin sau uku, bayan na 1958 da na 1962, har yau babu na biyunsa. Jairzinho ya ci ƙwallo a kowane ɗaya daga wasanni shidan da Birazil ta buga. Mai horar da su, Mário Zagallo, ya zama mutum na farko da ya ci kofin yana ɗan wasa, ya sake ci yana koci. Da yake karo na uku ke nan, aka bar wa Birazil kofin Jules Rimet ya zama nata. A Disambar 1983 ɓarayi suka sace shi a birnin Rio, ba a sake ganinsa ba.

Har zuwa nan, lambobin da ke littafi da abin da ya faru a fili suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Da muka ƙarasa wajen ɗaya ragar ne suka fara rabuwa.

Minti huɗu a 1986

Kolombiya aka fara ba gasar 1986, ta janye saboda matsalar kuɗi, aka miƙa wa Meziko. Ana saura wata takwas, ranar 19 ga Satumban 1985, girgizar ƙasa ta afka wa birnin ta hallaka dubban mutane. Azteca bai faɗi ba, gasar kuma ba ta tashi ba. Meziko ta zama ƙasa ta farko da ta karɓi baƙuncin gasar sau biyu, Azteca kuma fili na farko da aka buga wasan ƙarshe sau biyu a cikinsa.

Mai zagayawa da mu ya tsayar da mu a gefen layi ya nuna raga. Ranar 22 ga Yunin 1986, a wasan kwata fainal tsakanin Ajantina da Ingila, ƙwallo biyu suka shiga wannan raga cikin minti huɗu. Shekara huɗu ke nan da ƙasashen biyu suka gwabza yaƙi a kan tsibiran Falkland, don haka zukata a ɗaure suke tun kafin a take leda.

A minti na 51, Steve Hodge na Ingila ya yi ƙoƙarin fitar da ƙwallo, ta tashi sama ta nufi gidansu. Mai tsaron raga Peter Shilton ya fito da hannu a miƙe. Diego Maradona, wanda tsawonsa mita 1.65 ne kawai, ya yi tsalle tare da shi, ya ɗaga hannun hagu kusa da kansa ya doki ƙwallon ta wuce raga. 'Yan Ingila suka bi alƙalin wasa, Ali Bin Nasser ɗan Tunisiya, suna nuna masa hannu. Shi bai gani ba, mataimakinsa bai ɗaga tuta ba, kuma zamanin babu na'urar sake duba wasa. Aka ba da ci. Bayan wasan Maradona ya jingina abin ga hannun Ubangiji, maganar da ba ta dace ba, amma ta bi ƙwallon ta zama sunanta. Sai bayan shekaru ya fito fili ya amsa cewa da hannunsa ya ci.

A minti na 55 ya karɓi ƙwallo daga Héctor Enrique a cikin rabin filinsu. Ya juya ya bar Peter Beardsley da Peter Reid a tsaye, ya yanke Terry Butcher, ya wuce Terry Fenwick, ya kwantar da Shilton, ya tura ta raga. Tafiyar ta kai kusan mita sittin, cikin daƙiƙa goma da 'yan kai. A ƙuri'ar da FIFA ta shirya ta intanet a 2002, ita aka zaɓa a matsayin ƙwallon da ta fi kowace kyau a tarihin gasar. Na auna nisan da ido daga inda nake tsaye. A talabijin kamar kusa ne. A fili kuwa, ko babu mai tare ka, gudun kaɗai aiki ne.

Gary Lineker ya rama ɗaya, aka tashi 2-1. Ajantina ta wuce ta doke Beljiyam 2-0 a nan, duka biyun Maradona ya ci, sannan ta doke Jamus ta Yamma 3-2 a wasan ƙarshe ranar 29 ga Yuni, a gaban mutum 114,600. Rigar da Maradona ya sa a wasan Ingila, wadda ya ba Hodge bayan an tashi, an yi gwanjonta a 2022 a kan fam miliyan 7.1. Wasansa na ƙarshe a gasar kuwa da Najeriya ya buga shi, a Amurka a 1994, daga nan gwaji ya nuna ya sha haramtaccen magani aka kore shi.

To ku buɗe kowane littafin tarihin gasar ku duba wasan nan. Za ku ga: Maradona 51, Maradona 55. Layi ɗaya, tawada ɗaya. Ƙwallon da aka ci da ha'inci da wadda aka ci da baiwa, kowace ɗaya ce a lissafi, kuma da za a cire ta farkon, 1-1 za a tashi. Littafin bai yi ƙarya ba, ƙwallo biyu aka ba shi. Amma wanda ya haddace lambar kawai ya san rabin labari ne.

Abin da ba a nuna mana ba

Muna hanyar fita, wata dattijuwa da ta zo da jikokinta biyu ta tsayar da mai zagayawa da mu. Ta yi masa magana da Sifaniyanci tana nuna kujerun sama. Ya rusuna yana amsa mata da "Senyora", yadda suke girmama babbar mace, sannan ya juyo ya fassara mana. Tambayarsa take yi, me ya sa bai ambaci 1971 ba? Ta ce tana yarinya mahaifinta ya kawo ta nan kallon wasan ƙarshe, kuma filin ya cika har babu masaka tsinke. Na yi lissafi a zuci, na ga ai babu gasar cin kofin duniya a 1971. Na ɗauka tsufa ne ya sa ta rikita shekaru.

Ni ne ban sani ba. Da na koma masauki na bincika, ga abin da na samu. A watan Agusta da Satumban 1971, shekara guda bayan Pele ya ɗaga kofi, an yi gasar duniya ta mata a Meziko. Wata ƙungiya mai zaman kanta da ke da cibiya a Italiya ce ta shirya, ba FIFA ba. Ƙasashe shida suka zo: Meziko, Ajantina, Ingila, Denmak, Italiya da Faransa. Ranar 21 ga Agusta, a wannan fili, Ajantina ta doke Ingila 4-1, kuma wata mai suna Elba Selva ce ta ci duka huɗun, shekara 15 kafin Maradona ya ci biyunsa. Ranar 5 ga Satumba aka buga wasan ƙarshe, Denmak ta doke Meziko 3-0. Dukkan ƙwallayen uku yarinya guda ce ta ci su, Susanne Augustesen, mai shekara 15, sa'ar da yawa daga cikinku. An ƙiyasta 'yan kallon ranar sun kai wajen 110,000.

Yanzu ku kwatanta. Taron da ake lissafawa a hukumance a matsayin mafi girma a wasan mata shi ne mutum 91,648 da suka kalli Barcelona da Wolfsburg a filin Camp Nou a Afrilun 2022. A gasar cin kofin duniya ta mata kuwa, 90,185 ne, a wasan ƙarshe na 1999 a Amurka. Taron Azteca ya fi su duka, amma ba ya cikin jerin, saboda adadinsa ƙiyasi ne kuma gasar ba ta hukuma ba ce. A lissafin FIFA, tarihin gasar mata ya fara ne a 1991 a ƙasar Sin, inda Najeriya ce kaɗai ta wakilci Afirka.

Me ya sa aka yi shekaru ana shiru? A Ingila, tun 1921 hukumar ƙwallon ƙasar ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyinta, kuma sai da aka yi kusan shekara hamsin kafin a ɗage hanin. 'Yan matan da suka je Meziko da sunan Ingila, ƙaramarsu mai shekara 13, ba da izinin hukuma suka tafi ba. A Meziko jama'a suna tare su suna neman sa hannu, da suka koma gida kuwa dakatarwa ce ta tarbe su, shi kuma kocinsu, Harry Batt, aka hana shi harkar har abada. Da yawansu suka rufe baki, suka yi shekaru ba su ba ko 'ya'yansu labari ba. Sai a 2023 wani fim na tarihi mai suna Copa 71 ya fito da hotunan gasar duniya ta gani. A Ajantina, yanzu ranar 21 ga Agusta ce ranar tunawa da mata 'yan ƙwallo, saboda ƙwallayen nan huɗu na Elba Selva.

A cikin allunan ƙarfen da aka nuna mana ranar, na ga na Wasan Ƙarni, na ga na Maradona, na ga na Manuel Negrete na Meziko da ya yi wata ƙwallon alkafura a ragar Bulgeriya a 1986. Ban ga sunan Susanne ba. Ba don dattijuwar nan ta buɗe baki ba, da na fita ban san an yi ta ba.

Komawa ga tambayar farko

A daren nan, ina zaune a bakin gado da waya a hannu, na tuna yarinyar nan ta gasar kacici-kacici. Na rubuta sunan da ta faɗa. Marta, 'yar Birazil, ta ci ƙwallonta ta 17 a gasar cin kofin duniya a ragar Italiya, a Faransa, cikin Yunin 2019. Klose ya ci ta 16 ɗinsa a ragar Birazil a 2014, ranar da Jamus ta yi musu 7-1, ya wuce Ronaldo mai 15, wanda shi kuma ya wuce Gerd Müller mai 14 da ƙwallon da ya ci Ghana a 2006. Duk wannan jeri na haddace shi tuntuni. Marta ce ban sani ba. Ban ce gasar maza ba a tambayata, "gasar cin kofin duniya" kawai na ce. Yarinyar ce ke da gaskiya. Har kalmar da na buɗe tambayar da ita, "wane ne", ta riga ta yanke cewa namiji ake nema.

Da na dawo gida na neme ta a gaban ajinsu na ce, "Ke ce kika faɗi daidai, ni na yi kuskure." Ta yi murmushi ta ce, "Na sani, Malam." Kofin azuzuwa kam ya riga ya tafi, ba a dawo da shi ba, kamar yadda ba a soke ƙwallon minti na 51 ba.

Ba cewa nake ku daina haddace lambobi ba. Ku haddace: Just Fontaine na Faransa, ƙwallo 13 a gasa guda a 1958, Birazil, kofi biyar, Victor Osimhen, ƙwallo 10 a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2015, Super Falcons, kofin Afirka sau goma. Amma duk lambar da aka ba ku, ku bi ta da tambaya uku. Ta yaya aka same ta? Wa ya rubuta ta? Su wa aka bari a waje lokacin da ake ƙirga? Tambayoyin nan za su yi muku amfani a darasin tarihi da na lissafi, da ranar da wani zai zo muku da alƙaluma yana neman ƙuri'arku.

FIFA ta ba Azteca wasan buɗe gasar 2026, ranar 11 ga Yuni, abin da ke nufin shi ne fili na farko da ya ga gasar maza sau uku. Idan kun gan shi a talabijin, masu sharhi za su ambaci Pele da Maradona. Ku kuma ku gaya wa na kusa da ku labarin Susanne da Elba.

Ga aikin gida. A makon nan ku je wurin malamin wasanni na makarantarku, ku roƙe shi ya nuna muku inda ake rubuta sakamakon wasannin gidaje. Ku duba wa ya fi kowa gudun mita ɗari a tarihin makarantar, a wace shekara, cikin daƙiƙa nawa. Ku duba ko an rubuta na 'yan mata kamar yadda aka rubuta na maza. In kun tarar babu littafin sam, ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya mai kauri, ku fara da sakamakon bana, ku kuma bi tsofaffin malamai da tsofaffin ɗalibai ku tambaye su abin da suka gani tun suna iya tunawa. Abin da kuka samo, ku aiko wa wannan shafi.